Wasa Biyar Cikin Kwana Shida: Labarin Samarin Sewanee na 1899

A kudancin ƙasar Amurka, cikin jihar Tenesi, akwai wani dogon tudu da ake kira Cumberland, wanda tsayinsa ya kai wajen ƙafa 2,000. A bisa tudun nan, tsakiyar kurmi, akwai wani ɗan gari ana ce da shi Sewanee. Garin ba shi da babbar kasuwa, ba kuwa hanyar fatake ba ce. Abin da ya tara mutane a wurin shi ne wata makaranta da ake kira Jami'ar Kudu, ko da yake kowa da sunan garin ya fi saninta. Yau ƙaramar makaranta ce, in 'yan ƙwallonta suna wasa ba a cika jin labarin ba sai a garuruwan da ke maƙwabtaka da su. Amma cikin shekarar 1899 samarin makarantar nan sun yi wani abu a fagen ƙwallo wanda har yanzu, bayan shekara fiye da ɗari da ashirin, babu wata makaranta a Amurka da ta sāke yin irinsa.

Manyan limaman cocin Episcopal na jihohin kudu su suka ƙulla shawarar kafa makarantar cikin 1857. Babbansu kuwa shi ne Leonidas Polk, bishop na Luwiziyana, mutum mai gandaye da bayi masu yawa. Nufinsu su gina jami'a wadda za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da na Arewa, don kada 'ya'yan masu gandu su riƙa tafiya can suna kwaso ra'ayin masu ƙin bauta. Aka aza dutsen harsashi cikin 1860. Ba a yi shekara ba yaƙin basasa ya tashi tsakanin Arewa da Kudu. Polk ya zama janar cikin rundunar Kudu, aka kashe shi cikin 1864, dutsen harsashin nan kuwa sojan Arewa suka farfasa shi. Da aka gama yaƙi, Kudu ta sha kashi, dukiyar da aka yi alkawarin bayarwa ta bi iska. Da ƙyar aka buɗe makarantar cikin 1868 da ɗalibai tara. Har zuwa 1899 ɗalibanta duka 326 ne, bisa ga lissafin da aka saba kawowa, kuma kullum cikin neman kuɗi take.

Wajibi ne mai karatu ya san cewa ƙwallon da ake magana a nan ba irin wanda ake bugawa da ƙafa a yawancin ƙasashen duniya ba ne. Na Amurkawa dabam yake. Daga wasan ragbi na Ingila ya samo asali, sa'an nan ɗaliban manyan makarantun gabas suka yi ta sāke masa ƙa'idodi, tun ba wani mutumin Yale mai suna Walter Camp ba. Ƙwallon ba kewayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai, da hannu kuwa ake rungumarsa a sheƙa da gudu. Mutum goma sha ɗaya ne kowane gefe. A zamanin da ake magana tsawon filin yadi 110 ne. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama uku su ci gaba da yadi biyar. In sun kasa, sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya ci maki biyar, kuma a ba mutanensa damar harba ƙwallon ta tsakanin sanduna don ƙarin maki ɗaya. In kuwa daga cikin fili aka harba ya bi ta tsakanin sandunan nan, shi ma maki biyar ne. Ba a yarda a jefa ƙwallo gaba da hannu ba, sai cikin 1906 aka halatta wannan. Saboda haka wasan duk ture ne da danniya: a tattaru wuri ɗaya, a sa mai ƙwallo tsakiya, waɗansu na tura shi ta baya, waɗansu na jansa ta gaba, har a faɗi bisa juna tuli guda.

Ba a tilasta wa kowa sa hular kariya ba, yawancinsu gashi suke tarawa ya yi tsawo don ya rage musu zafin karo. Ƙa'ida ta ce a yi minti 35 a huta, a sāke yin 35, ko da yake akan rage in ɓangarorin biyu sun yarda. Mutum ɗaya shi ke kai hari, shi ke tsaro, daga fari har ƙarshe. Wanda kuma aka fitar daga fili ba shi da ikon komowa a wannan wasa, don haka saurayi ya gwammace ya tsaya da karyayyen hanci da a ce ya gudu. Wasan na kisa ne, ba da ƙari ba. Cikin Oktoba 1897, a Atlanta, wani yaro ɗan Jami'ar Jojiya mai suna Von Gammon ya bugu a ka yayin da suke karawa da Virginia, kashegari ya cika. Majalisar jihar ta yi doka ta hana wasan ɗungum. Sai mahaifiyar yaron ta rubuta takarda tana roƙo kada a kashe abin da ɗanta ya fi so saboda mutuwarsa, Gwamna Atkinson kuwa ya ƙi sa hannu a dokar. Ba domin takardar matan nan ba, da wataƙila wasanni uku daga cikin waɗanda za a ambata nan gaba ba su yiwu ba, gama a Atlanta aka yi su.

Sewanee ta fara ƙwallo cikin 1891. Babbar abokiyar gabarta ita ce Jami'ar Vanderbilt ta birnin Nashville, wadda ke da kuɗi da yawan ɗalibai. Kowace shekara sukan haɗu a Nashville ran bikin da Amurkawa ke kira Ranar Godiya, cikin ƙarshen Nuwamba, jama'a su cika wuri. Kuɗin ƙofa na ranan nan guda shi ke riƙe da sha'anin wasannin Sewanee shekara sukutum, domin a bisa tudu babu masu kallo da za su biya abin kirki. Cikin 1898 Sewanee ta ci Vanderbilt 19 da 4. Da shekara ta kewayo, sai gardama ta tashi tsakaninsu a kan yadda za a raba kuɗin ƙofa. Kowa ya kafe, aka rabu baram-baram, wasan 1899 ya fasu.

Wanda nauyin abin ya faɗo wa shi ne manajan 'yan wasa, wani ɗalibi mai suna Luke Lea, ɗan shekara ashirin, daga wani babban gida na Nashville. A lokacin ɗalibai ke tafiyar da harkar wasanninsu da kansu: manaja shi ke rubuta wa makarantu takardu, ya yi ciniki, ya nemi jirgi da masauki, in aka yi asara kuma shi za a tuhuma. Lea ya duba ya ga ramin da Vanderbilt ta bari ba ya cikuwa da wasa ɗaya ko biyu. Ya ga kuma kuɗin jirgi zuwa Teksas mai yawa ne, abin da Jami'ar Teksas za ta ba su ba zai isa ba. Dabarar da ta zo masa ita ce, tun da an riga an biya kuɗin tafiya, to, a riƙa tsayawa kowane babban gari a kan hanyar komowa ana wasa ana karɓar rabo. Hukuman makaranta kuwa ba za su yarda ɗalibai su yi mako biyu ko uku ba su aji ba, saboda haka sai ya matse wasannin suka bi juna kamar carbi. Haka ya shirya wasa goma sha biyu cikin mako shida, uku kaɗai a gida, tara a garuruwan mutane, biyar daga cikinsu cikin kwana shida. Mutanen baya sun mai da tafiyan nan labarin jarumtaka, jarumtakar kuwa an yi ta. Amma asalinta talauci ne da rigimar kuɗi, da kuma gangancin yaro wanda ba jikinsa za a daka ba.

Malamin wasan sabo ne, sunansa Billy Suter, wanda ya yi ƙwallo a Princeton, ɗaya daga cikin makarantun gabas inda wasan ya fi ci gaba. Madugun 'yan wasa kuwa Henry Seibels ne, mutumin Alabama, mai gudu da ƙwallo. Akwai Ormond Simkins, gwanin harbi da tsaro, da Rex Kilpatrick, da William Wilson wanda ke ba da umurni a fili, da wani ɗan tsurut mai suna Hugh Pearce a gefe. A sahun gaba akwai William Claiborne, ɗalibin aikin coci, mai mataccen ido ɗaya. Ana ba da labari wai in an jeru za a fara, sai ya nuna wa wanda ke gabansa idon, ya ce jiya-jiyan nan ya rasa shi a wasa, don gaban wancan ya faɗi.

Wani abu ya taimake su wanda ba a cika ambatonsa ba. A zamanin nan Sewanee ba ta bin tsarin sauran makarantu. Da yake tudun na da sanyi mai daɗi lokacin zafi, ga shi kuma nesa da zazzaɓin da ke damun ƙasashen kwari, sai aka sa dogon hutunta ya zama na hunturu, ɗalibai na makaranta duk tsawon bazara. Watau sa'ad da 'yan wasan sauran makarantu ke gidajen iyayensu, na Sewanee suna tare wuri guda. Kafin kaka ta zo sun riga sun san juna, jikinsu kuma ya yi ƙwari.

Suka fara da Jojiya a Atlanta ran Asabar 21 ga Oktoba, suka ci 12 ba ko ɗaya. Ran Litinin suka ci Georgia Tech 32, suka komo gida suka lallasa Jami'ar Tenesi 46, da Southwestern Presbyterian 54. Cikin wasannin nan huɗu babu wanda ya ƙetare layinsu.

Sa'an nan suka yi shirin babbar tafiya. 'Yan wasa 18 suka sauko daga tudu cikin ɗan jirgin da ke haɗa Sewanee da tashar Cowan, tare da Suter da Lea, aka ba su tarago guda mai gadaje, wanda ya zama musu gida har suka komo. Suka ɗauki ganga biyu cike da ruwan marmaron tudunsu, don gudun kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki, wannan kuwa hankali ne, gama a lokacin ruwan birane da yawa na kudu ba abin amincewa ba ne. An ce jirgi ya yi nisa kafin a farga an mance takalman wasa a tasha, sai da Lea ya buga waya aka biyo su da su cikin wani jirgi.

A cikin ayarin akwai wani Baƙar fata mai suna Cal Burrows. Aikinsa tausa. In an tashi daga wasa an shiga tarago, samari sun zube, ƙafafu sun sandare, shi ke bin su ɗaya bayan ɗaya yana murza musu jiki cikin dare, jirgi na tafiya, don su iya miƙewa kashegari. Duk wanda ya taɓa yin kokawa ko dambe ya san ba ranar karawa jiki ke ciwo ba, sai washegari. Samarin nan kuwa washegarinsu ma ranar karawa ce. Saboda haka aikin Burrows ba ƙaramin ginshiƙi ba ne cikin abin da aka samu. Ga shi kuwa zamanin da dokokin wariya suka kafu ne a Kudu. Shekara uku kafin wannan, cikin 1896, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke shari'ar Plessy, ta tabbatar da dokar Luwiziyana wadda ta raba taragon Turawa da na Baƙaƙe, ta cikin Luwiziyanan nan kuma jirginsu ya bi. Makarantar da yake wa hidima ba ta karɓar mai irin launinsa, ba ta kuwa fara karɓa ba sai bayan fiye da shekara hamsin. An daɗe ana yabon 'yan wasan da sunayensu ɗaya-ɗaya, shi kuwa sai a 'yan shekarun baya masu binciken tarihi suka fito da sunansa sarari.

Ran Alhamis 9 ga Nuwamba suka shiga fili a Austin da Jami'ar Teksas. Wannan ita ce karawa mafi wuya cikin biyar ɗin, domin 'yan Teksas ƙarfafa ne, a gidansu suke, kuma a shekaran nan wasa shida suka ci cikin takwas. Seibels ya sami tsaga a goshi, jini na zuba masa. Da ya fita, shi ke nan ba komowa, sai aka manna masa filasta ya ci gaba da wasa. Sewanee ta ci 12 ba ko ɗaya. Da dare suka hau jirgi, gari ya waye musu a Houston, ran Jumma'a suka kara da Kwalejin Noma da Sana'a ta Teksas, suka ci 10. Suka sāke kwana cikin jirgi, tafiyar wajen mil 350, suka sauka New Orleans ran Asabar, suka ci Tulane 23.

Daren nan suka sami sararin shiga gari. Ana ba da labari wai sun tafi gidan wasan kwaikwayo, a ƙarshen wasan aka fito da gawar jarumin labarin an lulluɓe ta da shunayya. Shunayya kuwa ita ce launin Sewanee. Da samari suka hangi launinsu, sai suka miƙe suka ɓarke da kirarin makarantarsu, sauran 'yan kallo na share hawaye. Ran Lahadi ba a wasa, suka kai ziyara wani gandun rake. Akwai wani zance da ya shahara a kan tafiyan nan, wanda aka aro daga labarin halitta, wai sai a rana ta bakwai suka huta. Zancen na da daɗi, amma a gaskiya ta huɗu ce ranar hutunsu.

Ran Litinin 13 ga wata suka ci Jami'ar Jihar Luwiziyana 34 a Baton Rouge. Suka kwana a hanya, ran Talata suka isa Memphis, suka tarar da 'yan Jami'ar Misisipi suna jiransu, suka ci su 12. Jimla ke nan wasa biyar cikin kwana shida, a garuruwa biyar, maki 91 ba a mayar musu da ko ɗaya ba, tafiya kuwa wajen mil 2,500. Da suka komo tudu, ɗalibai da mutanen gari suka tarye su da wuta da sowa.

A nan ya kamata a auna abin da ma'auni na gaskiya. Yau sunayen makarantun nan biyar manya ne ƙwarai a ƙwallon Amurka, waɗansunsu na da filayen da ke cin mutum dubu ɗari, don haka in an karanta jerin sai a yi tsammani ƙaramin yaro ne ya ka da ƙattai biyar. Ba haka abin yake ba cikin 1899. Wasan bai daɗe da isowa Kudu ba, makarantun jihohi ma kansu ƙanana ne a lokacin. Tulane ta gama shekaran nan ba ta ci wasa ko ɗaya ba, Luwiziyana ɗaya ta ci, Misisipi kuwa abin da ta faɗi ya fi abin da ta ci. Sewanee ba baƙuwa ba ce cikinsu, tana cikin na gaba-gaba, har ma shekarar da ta wuce ba wanda ya ci ta. Abin mamakin ba ya ga wanda aka ci, yana ga jikin da ya ɗauki duka sau biyar cikin kwana shida, barci a kan gadon jirgi, kuma yawancin aikin mutum goma sha ɗaya zuwa sha uku ne suka yi shi. Likitocin yau ba za su bari a yi haka ba, shi ya sa bajintan nan ta tabbata tasu su kaɗai.

Bayan kwana shida da wasan Memphis suka ci Cumberland 71 a gida. Wannan bai zama abin magana ba.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne Montgomery, ran Alhamis 30 ga Nuwamba, Ranar Godiya, ranar da dā ake haɗuwa da Vanderbilt. Abokan karawarsu 'yan Auburn ne, malaminsu kuwa John Heisman, mutum mai yawan dabaru, wanda daga baya aka sa wa kyautar gwarzon ɗan ƙwallon kwalejojin Amurka sunansa. Heisman ya koya wa yaransa su riƙa jeruwa da sauri suna kai hari bi da bi, ba sa ba abokan karawa sararin numfashi. An ce har maɗaukai na fata aka ɗinka wa wandunansu, don na baya ya sami abin kamawa, sai da Suter ya kai ƙara aka sa a yanke su. Dabarar saurin nan ta rikita Sewanee ƙwarai. Layin da makarantu goma suka kasa ƙetarewa, Auburn ta ƙetare shi, jama'a kuwa suka yi ta kwararowa cikin fili, ana tsayar da wasa ana korarsu. Sewanee ta farfaɗo ta rama, amma cin da ya kawo ta daidai da su gardama ta biyo shi, domin 'yan Auburn sun ce ƙwallon nasu ne alƙalin wasa ya ba Sewanee. Aka yi harbin ƙari ya shiga, aka zama 11 da 10. Gardandami sun cinye lokaci, duhu ya yi, alƙali ya tashi wasa ba a cika mintocin da aka yi alkawari ba. Heisman bai haƙura ba, ya rubuta wa jaridar Birmingham yana cewa an zalunce su, alƙalin kuma ya mai da masa martani a jarida. Har yau in aka karanta bayanan ɓangarorin biyu, da wuya mai adalci ya ce Auburn ba ta da abin kuka. Shekarar da ake yabo da cewa babu aibi a cikinta, a kan maki ɗaya ta rataya, da hukuncin mutum ɗaya, da faɗuwar rana.

Kwana biyu bayan wannan, ran Asabar 2 ga Disamba, suka haɗu da Karolina ta Arewa a Atlanta, wadda ita ma shekarar da ta wuce ba a ci ta ba. Samari sun gaji tiɓis. Suka kasa ƙetare layin Karolina ko sau ɗaya, har Karolina ta kawo ƙwallo bakin layinsu, suka yi ta tare ta har damarta ta ƙare. Kilpatrick ya harba ɗaya daga fili ta bi tsakanin sanduna, aka tashi 5 ba ko ɗaya. Da haka aka rufe shekara: wasa 12, an ci 12, maki 322, an ci su 10, goman nan duk na Auburn ne. Suka zama zakarun ƙungiyar wasannin kwalejojin Kudu, wadda aka kafa cikin 1894.

Zakarun Kudu fa, ba na ƙasa duka ba. A lokacin babu wata gasa da ke fid da zakaran Amurka, kuma mutanen gabas ba su ɗauki ƙwallon Kudu a bakin kome ba. Masu lissafin da suka zo daga baya Harvard da Princeton suka ba shekaran nan. Sewanee ba ta kara da ko ɗayansu ba, Suter kuwa, wanda ya fito daga can, ya fi kowa sanin ratar da ke tsakani. Amma a Kudu, inda tsofaffin sojan yaƙin basasa ke nan da ransu, kuma zafin faɗuwa bai gama hucewa ba, labarin samarin ya shiga zukata fiye da misali, aka yi musu laƙabi da Mazajen Ƙarfe.

Ƙarfen kuwa nama ne da ƙashi. Ormond Simkins ya fita da raunuka a ƙafafu waɗanda ba su rabu da shi ba, har aka yanke masa ɗaya, ya rasu cikin 1921 sa'ad da ake aikin ta biyun. Seibels ya zama babban ɗan kasuwar inshora a Birmingham, ya rayu har 1967, bayan rasuwarsa aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwalejoji cikin 1973. Claiborne ya zama limamin coci, ya yi aiki cikin talakawan duwatsun Tenesi. Heisman ya bar Auburn a ƙarshen shekaran nan, kuma shi ne wanda yaransa na Georgia Tech suka ci Cumberland 222 ba ko ɗaya cikin 1916.

Luke Lea kuwa halinsa na 1899 shi ya bi shi har tsufa. Ya kafa jaridar Tennessean a Nashville cikin 1907, ya shiga Majalisar Dattawan Amurka cikin 1911 yana da shekara 31. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Faransa yana kanar na sojan igwa. Cikin Janairu 1919, bayan an tsai da yaƙi, ya ɗebi 'yan mutanensa cikin mota, ba da umurnin kowa ba, suka ƙetara Holan har gidan da Kaiza Wilhelm na Jamus ya fake a Amerongen, da nufin su tafi da shi Paris a yi masa shari'a. Suka shiga gidan, amma ba su ko ga Kaiza ba, aka sallame su. Daga baya ya shiga harkar bankuna, da tattalin arziki ya rushe aka same shi da laifin zamba, ya shiga kurkuku a Karolina ta Arewa cikin 1934, ya fito 1936, aka yi masa afuwa. Ya rasu cikin 1945.

Wasan kansa bai daɗe a kan kamannin da suka san shi ba. Mace-macen 1905 suka sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, shekara mai zuwa aka sāke ƙa'idodi, aka halatta jifa gaba, aka mai da yadi biyar ɗin nan goma. Sannu a hankali aka saki ƙa'idar musanya 'yan wasa, sai rinjaye ya koma ga makarantar da ke da mutane da yawa a benci da kuɗin tara su. Makarantun jihohi suka yi ta girma, suna gina filaye na dubban mutane, Sewanee kuwa tana nan bisa tudunta da 'yan ɗaruruwanta. Duk da haka ta sāke zama zakarar Kudu cikin 1909, kuma saboda tsohon sunanta, da aka kafa ƙungiyar makarantun kudu maso gabas a ƙarshen 1932, tana cikin goma sha ukun da suka kafa ta, tare da Auburn da Tulane da Jojiya da Vanderbilt. Ta yi shekara takwas a ciki, ta yi wasa 37 da 'yan ƙungiyar, ba ta ci ko ɗaya ba. Cikin 1940 ta janye. Yanzu tana wasa a rukuni na uku, inda ba a ɗaukar wa ɗalibi kuɗin makaranta saboda ƙwallo, kuma a filin nan dai na bisa tudu inda aka ci Tenesi 46 take karɓar baƙinta.